Asusun da Baba Muttaka Ya Fasa

Shagona na ɗinki yana kallon zauren Baba Muttaka a unguwar Sheshe. Lungu ne kawai tsakaninmu, irin wanda idan mai kurar ruwa ya shigo sai kowa ya manne da bango. Tun ina yaro nake ganin mutumin nan, na girma, na yi aure, har furfura ta fara fito min a gabansa, amma bai taɓa daina kirana "Maharazu ɗan tela" ba, kamar har yanzu mahaifina ne a kan keken ni kuma ina ɗaura maɓalli.

Sana'arsa ta gado sayar da kayan yumɓu ce. Mahaifinsa yana da rumfa a Kasuwar Kurmi, cike da tulu da randa da kasko da tukunyar tuwo. Da roba da bakin ƙarfe suka cika gari, ciniki ya yi ta ja da baya har aka saki rumfar, Baba ya kwaso ragowar kayan ya jera a zauren gidansu. Tulu ya daina tafiya, randa sai jefi-jefi idan za a kai amarya. Abu ɗaya ne ya ƙi mutuwa, shi ne asusu. Wasu mata ne daga ƙauye suke gina masa, shi kuma ya ce musu su riƙa matse bakin, don ya san halinmu. Wanene a cikinmu bai taɓa zura tsinken tsintsiya yana lalubo sule ba? A asusun Baba Muttaka sai dai tsinken ya karye a ciki, ka yi asarar tsinke ka ƙara da ta haƙuri.

Yadda ya zama mai ajiya kuwa ba shiri aka yi ba. Wata dattijuwa ce, Hajiya Dije mai alala, ta sayi asusu, bayan ɗan lokaci ta dawo ta sayi wani, ta sake dawowa. Baba ya tambaye ta ko miya take yi da su. Ta ce a'a, baƙi ne ba sa ƙarewa a gidanta, ita kuma ba ta iya ganin baƙo ta rasa abin sallama alhali ga tukunya tana ƙara a ƙarƙashin gado. Ta ce ya ajiye mata wannan a wurinsa, duk ranar da ta samu za ta zo ta jefa. Ya ɗora a kan kanta, ta ɗaura masa jan zare a wuya don ta gane nata. Wasu suka bi sahunta, kafin shekara ta zagayo kantar ta cika, sai da aka kira kafinta ya ƙara wata.

Baba ba ya rubutu, ba ya kuma tambayar kowa nawa ya saka. Kowane asusu da alamarsa. Wani zare, wani ɗigon lalle, wani an lanƙwasa murfin kwalba an rataya masa. Ka zo ka yi sallama, ya sauko maka da naka, ka nannaɗe kuɗinka ka tura, ya mayar. Yana barbaɗa toka a ƙasan kantocin saboda gara, da damina kuma ya kunna ɗan garwashi a kasko don kada sanyi ya kama takardun. Ranar da buƙatarka ta zo, ko Sallah ce, ko biki, ko kuɗin makaranta, akwai wani tsohon dutsen niƙa a lungun zauren. Kai da hannunka za ka yi bisimilla ka buga. Shi kuwa Baba da ya ga ka ɗaga, sai ya fita bakin ƙofa ya juya baya, ya tsaya yana yi min surutu a kan tsadar zare har ka gama tattara abinka. Idan ka ba shi tukwici ya karɓa ya sa albarka. Idan ba ka bayar ba ma albarkar dai za ka samu.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma duk Sheshe an san ta: ba ya fasa asusun mutum, ba ya kuma bari wani ya fasa sai mai shi. Na ga magidanci ya zo da kumfar baki yana cewa ai matarsa ce, abinta nasa ne. Baba ya ba shi tabarma, ya sa aka kawo masa ruwa, ya ce ya je ya zo da ita. Na ga wanda ya zo da hawaye. Shi ma dai amsar ke nan, sai dai Baba ya zura hannu a aljihunsa ya ba shi abin da ya samu. Idan mai asusu ya rasu, magada ne za su taru gaba ɗayansu, babbansu ya buga.

Mu da muka taso a lokacin, zauren nan shi ne dandalinmu. Yana ƙamshin ƙasa da toka, ga sanyi ko da rana ta take. Daren Sallah ba a magana, amma tun ana saura kwanaki za ka ji "ƙwas! ƙwas!" daga safe har yamma, silalla suna gangarowa har cikin lungu muna bin su da gudu. Ban san wani sauti da yake sa ni jin Sallah ta zo kamar wannan ba. Har yau idan wani abu ya fashe a gida, kafin in yi faɗa sai na ji wani ɗan daɗi ya fara ratsa ni.

Gwamnatoci sun zo sun wuce ta kan zauren bai ko girgiza ba. Canjin kuɗi na zamanin soja, wanda ya sa manyan 'yan kasuwa kwana a layin banki da buhuna, bai taɓa Baba ba, don a lokacin silalla ake jefawa kuma ba a canza su ba. Da aka shiga shekarun da bankuna suka riƙa durƙushewa, mutum ya wayi gari ya tarar da kwaɗo a ƙofar banki da takarda a manne, an ce ya jira hukuma za ta duba lamarinsa, sai ga masu manyan riguna suna raɓowa zauren da yamma, suna waige-waige kada a gan su. Baba ya kan ce da ni, "Maharazu ɗan tela, ka ga bankina? Ba manaja, ba kwandishan, kuma ban taɓa cewa kowa ya dawo gobe ba." Yana da ɗan alfahari a nan, ba zan ɓoye ba. Amma wanda ya yi shekara arba'in ba a taɓa kama shi da ko kwabo ba, ai a bar shi ya ɗan taɓa.

Salihu ɗan dako ne a Kurmi, mutumin wani ƙauye ta wajen Jigawa. Dogo ne, marar magana, wuyansa duk ya yi kanta saboda kaya. Ya sayi asusu mafi girma a zauren, ya ɗaura masa shuɗin ƙyalle da ya roƙa a shagona. Duk yamma idan an tashi kasuwa sai ya biyo, ya tura abin da ya rage masa bayan ya ci abinci, wani lokacin ma ina zargin kafin ya ci. Burinsa bai ɓoye wa kowa ba. Shanun huɗa yake so ya saya, ya koma gida ya yi noma, ya sauke kayan mutane daga kansa. Shekaru ya yi yana wannan jefawar. Sai wata rana ya zo ya ce ya samu motar albasa za ta kudu, an ce can dako ya fi tsoka, zai je ya ɗan yi watanni. Ya dafa asusun kamar mai sallama da ɗa, ya ce, "Baba, ga amanata nan." Baba ya ce, "Allah ya kai ka lafiya. Yadda ka bar shi haka za ka same shi."

Watanni suka zama shekara, shekara ta haura biyu. Lambar wayarsa ta daina shiga.

Ana nan sai ga sanarwa a rediyo, cewa gwamnati za ta canza manyan takardun kuɗi, ɗari biyu da ɗari biyar da dubu. Kowa ya kai tsofaffin banki kafin ƙarshen watan Janairu, bayan nan sun zama takardar tsire. Masana suka yi ta bayani, wai kuɗi sun yi yawa a hannun jama'a, wai ana ɓoye su a gida, wai za a gyara tattalin arziki ne. Ni dai tela ne, ban musa ba. Abin da na sani shi ne, waɗanda ake cewa sun ɓoye kuɗi a gida, a lungunmu su ne Hajiya Dije da masu wankau da mai gyaran takalmi.

Da farko mutane sun yi biris, aka ce ai za a janye. Da aka ga abin da gaske ne, sai zauren ya cika. Ban taɓa ganin fashe-fashe irin na makonnin nan ba, kuma ba daɗi a cikinsa ko kaɗan. Wadda take tara kuɗin gadon 'yarta ta fasa tun ba a sa rana ba. Wanda yake tara na ragon layya ya fasa tun azumi bai zo ba. Hajiya Dije, wadda a lokacin sai an riƙo ta, ta buga nata tana tsine wa wanda ya kawo shawarar, ta ce na likkafaninta ne, yanzu kuma sai ta je ta mutu a layin banki. Baba yana bakin ƙofa ya juya baya, amma ya daina yi min zancen zare. Da yamma ya share ɓaraguzan ya zuba a buhu. Kantoci suka yi ta yin fili har ya rage asusu ɗaya a can sama, mai shuɗin ƙyalle.

Baba ya nemi Salihu iya nema. Ya taka da ƙafarsa har wajen 'yan dako a Kurmi, suka ce rabonsu da shi tun tafiyarsa. Ya biya wa wani kuɗin mota ya je ƙauyensu. Mutumin ya dawo ya ce mahaifiyarsa tana nan da rai, ta ce yana wata gonar koko a kudu inda ba sabis, ya kan aiko da saƙo ta bakin mutane, amma ba ta san sunan garin ba. Da an ce ya rasu, da magada sun zo sun buga an huta. Yana raye, kuma ba a san inda yake ba.

Zaituna, babbar 'yar Baba, malamar firamare ce, kuma ita kaɗai ce a gidan mai asusun banki. Ita ta fara yi masa maganar, a gabana, ina zaune ina shan inuwa.

"Baba, kwanaki suna tafiya fa. A fasa, in kai banki da sunana, idan ya dawo a ba shi abinsa."

"Ba nawa ba ne, Zaituna."

"To ai shi ya sa. Guminsa ne na shekaru. Ranar da ya dawo ka miƙa masa tukunya cike da takardun banza, me za ka ce masa?"

"In ce ga amanarka yadda ka bar ta."

"Ya sayi shanu da yadda ya bar ta?"

Baba ya tashi ya ɗauki buta, alhali ko kiran salla ba a yi ba.

Aka kai maganar gaban Malam Ismail, limamin masallacinmu. Malam ya saurara, ya ce a fahimtarsa amana ita ce dukiyar, ba tukunyar ba, kuma wanda ya ga dukiyar ɗan'uwansa za ta halaka ya tsare ta bai yi laifi ba, matuƙar an yi a gaban shaidu. Baba ya yi godiya. Da muka fito ya ce da ni, "Malam ya yi gaskiya. Amma ni ba dukiya na ce wa yaron nan zan tsare ba. Cewa na yi yadda ya bar shi haka zai same shi." Na ce, "Baba, ai ba kai ka canza kuɗin ba." Ya ce, "Su ba su yi masa alkawari ba. Ni na yi."

Da wa'adin ya zo aka ƙara kwana goma, sai Baba ya samu bakin magana. Ya leƙo shagona yana murmushi, ya ce, "Ka gani ko? Masu abin ma ba su tsayar da magana ba." Amma murmushin bai daɗe ba. Rediyo ta ce wannan karon ba ƙari. Masu shaguna suka fara ƙin karɓar tsofaffi tun kafin ranar. Na lura Baba ya rame a 'yan kwanakin nan. Yana zaune a zaure shi kaɗai da tasbaha, idonsa yana kan kanta. Duk wanda ya shigo lungun da tsayi irin na Salihu, sai na ga ya ɗaga kai.

Ana jibi wa'adi zai cika, bayan sallar walaha, ya aiko a kira ni da Malam Ismail. Muka tarar Zaituna ta shimfiɗa zani a gaban dutsen. Baba ya hau kujera da kansa ya sauko da asusun, ya ƙi yarda in taya shi, ga shi da nauyi. Na ce ko ni in buga, tunda ni ban yi wa kowa alkawari ba. Ya girgiza kai, ya ce idan laifi ne gara ya zama nasa. Ya kwance shuɗin ƙyallen ya sa a aljihu. Ya yi bisimilla, ya buga.

Wannan karon ba halin ya juya baya. Yana tsaye yana kallo takardu suka bazu a kan zanin, kowace an nannaɗe ta ƙanƙanuwa kamar laya, wasu da dattin manja, wasu da ƙurar buhu. Kowace ɗaya kayan da aka ɗauka a ka ne daga bakin mota zuwa cikin kasuwa. Wallahi sai da na ji kunya, kamar mun leƙa ɗakin mutum ba sallama. Muka zauna muna warware su ni da Malam. Zaituna ta ɗaure a zani ta tafi wani banki a bayan ganuwa, ba ta dawo ba sai bayan la'asar, takalminta ɗaya a tsinke.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani, ba sai na tsawaita ba. An karɓe tsofaffi, sababbi kuma ba su fito ba. Mutum da kuɗinsa a banki ya rasa na gishiri. Ni da nake ɗinki sai da na karɓi kwanon gero a madadin kuɗin riga. Mutane suka yi ta kwana a bakin na'urar cire kuɗi, masu POS suka zama sarakai. Duk da haka Baba ya ɗan samu natsuwa. Ya kan ce, "To, ko ba komai shanun yaron nan ba su mutu ba." Da wannan yake lallashin kansa, mu ma da shi muke lallashinsa.

Sai kotun ƙoli ta yanke hukunci cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Aka yi ta ja-in-ja na ɗan lokaci, daga baya aka ce bankuna su buɗe su biya mutane. Baba ya ce a ciro kuɗin Salihu a dawo da su gida, kuma zai bi Zaituna, don tunda yake bai taɓa shiga banki ba. Na raka su. Muka sha layi, muka isa gaban wata yarinya mai fara'a a bayan gilashi. Ta ƙirga a na'ura, ta turo ɗauri ta ƙasan gilashin.

Tsofaffi ne. Irin waɗanda muka warware a kan zani, har da laushinsu da warinsu.

Baba ya ɗauki ɗaya ya juya ta. Ya ce, "'Yar nan, waɗannan ba su ne aka ce sun mutu ba?"

Ta ce, "An dawo da su, Baba. Suna aiki. Na gaba!"

Ba laifinta ba ne, aikinta take yi, ga layi har waje. Amma ni a ranar da na samu wanda ya tsara abin nan, da na manta ni mutumin kirki ne. Muka kamo hanyar gida har muka shigo ta Ƙofar Na'isa. A nan Baba ya ce, kamar da kansa yake, "Ashe da na ƙyale shi, da ba abin da ya same shi."

Zaituna ta ga yadda abin yake cin mahaifinta, ta kawo dabara. Ga asusu irinsa sak a zaure, ga ƙyallen yana nan, ga kuɗin ma tsofaffi. A nannaɗe a mayar, a ɗora a kanta, wa zai sani? Baba ya dube ta ya ce, "Ni." Ya sa kuɗin a leda, ya ɗaure da shuɗin ƙyallen, ya kulle a akwatinsa.

Bayan ƙaramar Sallah, hadari ya fara haɗuwa, sai ga Salihu. Ya ƙara baƙi, ya rame, da 'yar jaka a kafaɗa. Ina kan keke na ji sallamarsa, na taso. Idonsa ya riga bakinsa zuwa kan kanta, ya ga fili. Baba bai bari ya zauna ba.

"Salihu, na fasa asusunka. Da hannuna. Ba wanda ya tilasta ni."

Ya ba shi labarin duka, bai rage ba, har da cewa daga baya an dawo da kuɗin, fasawar ba ta zama dole ba. Ya kira ni da Malam a matsayin shaidu, ya miƙa masa ledar. Salihu ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ko buɗewa bai yi ba.

"Haba Baba! Ai gata ka yi min. A can inda nake mutane nawa suka yi kuka da hawaye? Ko uban da ya haife ni iyakar abin da zai yi ke nan. Allah ya saka da alheri."

"Amin. Ka yafe min dai."

"Me zan yafe? Wallahi ba komai."

Da gaske yake, har cikin ransa, kowa ya ga haka. Ya ce gobe zai wuce gida ya nemi shanunsa kafin shuka. Amma da rani zai riƙa dawowa dako, don yanzu kuma kuɗin aure zai fara tarawa. Ya duba cikin ragowar kayan ya zaɓi wani asusu madaidaici, ya ciro sabuwar ɗari biyar daga aljihu ya tura a ciki, yana dariya, ya miƙa wa Baba ya ɗora masa a kanta.

Baba bai miƙa hannu ba.

"Asusun na ba ka kyauta. Amma ka tafi da shi."

"Baba, wa zan kai wa in ba kai ba?"

"Ka nemi wanda bai taɓa fasa na mutum ba."

Salihu ya juyo ya dube ni, ko zan sa baki. Na kau da kai, don na san Baba tun ina ɗaura maɓalli, na kuma san ba zai sauya ba. Daga baya Salihu ya rungume asusun a ƙirji, ya yi sallama, ya bi lungu ya fita.